Dara da Kukan Sana'a a Majalisun Yammacin Zamfara

A garuruwan yammacin Jihar Zamfara, musamman Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai zaman da maza suke yi bayan la'asar ko bayan isha'i wanda ake kira majalisa, wato haɗuwar abokai tsayayyu a ƙofar gidan ɗaya daga cikinsu, ko a gindin bishiya, ko kusa da teburin mai shayi, ba tare da gayyata ba. Da yawa daga cikin majalisun nan suna kewaye ne da wani wasa, dara ko ludo ko karta, kuma mai wucewa yakan ɗauka cewa wasan ne ya tara mutanen, alhali wanda ya zauna ya saurara zai ji cewa rabin abin da ake faɗa a wurin bai shafi wasan ba, ya shafi gona da kasuwa da albashi da bashi.

Dara ita ce mafi daɗewa a cikin waɗannan wasanni, kuma ba ta bukatar a sayi komai, domin a ƙasa ake tona gurabenta guda 30, layi biyar kowanne da gurbi shida, sannan kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ɗaya ya yi amfani da tsakuwa ɗayan kuma da guntayen kara domin a bambance su. Da farko ana saka 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya bi da bi har su ƙare, daga nan sai a shiga matsar da su gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, kuma duk wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa, amma jerin huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba shi aka cinye, ko da yake ƙananan dokokin sukan bambanta daga gari zuwa gari. Masu rubutu kan wasannin duniya sukan danganta dara da Dakarkari na ƙasar Zuru, maƙwabtan Gummi da Bukkuyum ta kudu, kuma ana yin irinta a Jamhuriyar Nijar. Ludo kuwa baƙo ne, tushensa wani tsohon wasan Indiya da aka sake wa fasali a Ingila a 1896.

Abin da ya sa wasa ya dace da kukan sana'a yana da alaƙa da tarbiyyar Bahaushe, wadda ta ɗora wa magidanci nauyin rufa asirin gidansa, ta kuma mai da bayyana gazawa a gaban jama'a abin kunya. Mutumin da ya yi wata biyu bai ga kuɗi ba, ko wanda uban gidansa ya sallame shi, ba zai tara abokai ya ce su saurari damuwarsa ba. A bakin dara kuwa idanun kowa suna kan gurabe, ba mai kallon fuskar wani, kuma tsakanin motsi da motsi akwai ɗan shiru da magana take iya shiga ta fita ba tare da ta zama jawabi ba. Idan malamin makaranta ya yi sakaci aka ci masa ɗa, wani daga cikin 'yan kallo yakan ce, "Malam, hankalinka yana wurin albashi ne?" sai a yi dariya, shi kuma ya mayar da martani cewa wanda bai biya bashin taki ba bai isa ya yi wa wani gori ba. A cikin wannan musaya an faɗi gaskiya biyu masu nauyi, kowa ya ji, amma ba wanda ya zubar da mutuncinsa, domin maganar da aka yi da sigar raha mai ita yana da ikon janye ta idan ya ga dama, wanda kuma ya ji ta yana iya bin abokinsa gida da dare da kwanon hatsi ko labarin wani aiki ba tare da ya mai da shi maroƙi ba.

Wannan hanya tana da gindi a al'adar barkwanci, wato wasan da aka yarda da shi tsakanin wasu rukunan mutane, irin na taubasai, da na kaka da jika, da na Fulani da Barebari, inda ake faɗin maganar da za ta zama zagi a bakin wani amma ba a ɗaukarta da zafi. Majalisar wasa tana ara wa abokai irin wannan izini na ɗan lokaci, ko da babu dangantakar jini ko ta ƙabila a tsakaninsu.

Matsalolin da ake kawowa majalisa a wannan yanki sun fi na jinkirin albashi nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, bayan da masu haƙar zinari suka riƙa niƙa duwatsun rami a cikin gidaje, kuma yara kusan 400 suka rasu. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, hanin da ba a ɗage ba sai a Disambar 2024. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da man fetur, matakan da suka taɓa ɗan kabu-kabu da dillalin dabbobi da mai cajin waya a lokaci guda. Manomi a ƙauyuka da dama ba ya isa gonarsa sai an biya 'yan bindiga kuɗin da suka ɗora wa garin, mai noman fadama a Gummi kuma yana fama da ambaliya kamar wadda aka yi a daminar 2024. Mutumin da yake ɗauke da irin wannan kaya yana bukatar wurin da zai sauke shi na awa ɗaya, kuma rashin adalci ne a kira zamansa a bakin dara zaman kashe wando.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasannin tebur da suka yi kama da majalisar wasa ta fuskar zumunci, ko da yake tsarinsu daban ne. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda mutum ɗaya yake jagorantar labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo na ƙirƙira, a riƙa jefa ƙwaya mai lambobi domin a san ko abin da gwarzon ya yi niyya ya yiwu. Masu wannan wasa sukan haɗu mako-mako tsawon shekaru, kuma hirar wahalar ofis da zolayar juna suna cin wani kaso na zaman. Ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a wasan kalankuwa na bayan kaka samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alkalinsu da sauran masu muƙami su kwaikwayi mulki, sai dai kalankuwa ta shekara-shekara ce, majalisa kuwa ta kullum.

Akwai suka mai tushe da ake yi wa wannan zama, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, caca ta zama laifin da hukuma take hukuntawa, kuma karta ta fi sauran wasanni fuskantar zargi saboda sauƙin saka kuɗi a cikinta. Wasu malamai suna ƙyamar duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa, suna kafa hujja da hadisin da ya yi hani ga wasan nardu, yayin da dara, wadda ta dogara ga tunani zalla, ta fi samun sassauci matuƙar ba ta sa an yi sakaci da salla ba. Haka nan majalisa ta maza ce, matan da wahalar ta fi faɗa wa suna yin tasu hirar a cikin gida da wurin biki da taron adashi.

Babbar barazanar da majalisa take fuskanta yanzu ta fito ne daga rashin tsaro, domin tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda ake kira infoma, ya sa mutane suna tauna magana kafin su furta ta. Zolayar da a da ake yi wa wanda ya sayar da shanu ko ya samu zinari a rami, cewa yau shi zai sayi shayin kowa, ta zama maganar da za ta iya jawo a sace mutum, saboda haka abokai na gaskiya sun daina yin ta a fili. Zaman dare ya ragu a garuruwan da ke bakin daji, kuma magidantan da suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka sun rabu da majalisun da suka san tarihinsu, sun shiga cikin mutanen da ba su san gonar da suka baro ba balle su zolaye su a kanta.