Shin Ko Kun San? Bindigar Tsaron Gida a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

Daga Anka zuwa Gummi, daga Bukkuyum zuwa ƙauyen Duza, da wuya magidanta su zauna hira bayan sallar isha'i ba a taɓo zancen bindiga ba. Mutumin da aka kore wa shanu, ko wanda ya sayar da gonar gado ya fanso ɗansa, ba mai hana shi tunanin abin da zai tsare ƙofar gidansa da shi. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma kafin hannu ya shiga aljihu, ga abin da ya kamata kunne ya fara ji.

Shin ko kun san kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta? Asalinta "bunduƙiyya", daga "bunduƙ", wasu 'ya'yan itace ƙanana masu kama da ƙwallo, waɗanda aka kwatanta harsashin farko da su.

Shin ko kun san ta fuskar aiki bindigogin da ake zancensu a nan ba ɗaya suke ba? Akwai adaka, wato bindigar toka ta maharba, wadda ake zuba mata albarushi ta baki a daka. In ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Akwai mai ɗana wa kanta harsashi: ƙarfin iskar da harbin farko ya haifar shi ne ke tofar da kwanson da ya ƙone ya ɗora sabo, amma ɗaya take fitarwa duk jan kunama ɗaya. Sai ta uku, mai sarrafa kanta baki ɗaya, wadda muddin yatsa na kan kunama ba ta yin shiru. AK-47 ta haɗa biyun ƙarshe, da ɗan ƙarfen da ake murɗawa a gefenta. In aka sake ta, harsasai 30 na gidanta kan ƙare cikin kimanin sakan 3.

Shin ko kun san dokar da ke iko da duk wannan ta girmi 'yancin kan Nijeriya? Dokar makamai ta 1959 ce, kuma har gobe ita kotu ke buɗewa. Ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. A ciki akwai mashinga, da bindigogin soja masu cin harsashi mai kaurin milimita 7.62, inda AK-47 ta faɗa ke nan, har da ƙaramar bindigar hannu da ake sokewa a ƙugu. Gida na biyu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko baki biyu, da ta harbin nishaɗi, da ta iska. Ko a nan ɗin ma dokar ta zare bindigar farauta mai ɗana kanta, da duk wadda aka yi wa wata dabarar sake ɗuri, ta mayar da su gidan haramtattu. Gida na uku na adaka da 'yan uwanta ne, kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta cewa a kansu.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da haramtacciya ba lasisi, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 10. Ta gida na biyu kuwa tana iya kai mutum shekara 5. Alƙali ba zai tambayi shanu nawa aka sace maka ba kafin ya karanta wannan sashe, kuma wannan ne ya fi ci mini rai a lamarin, domin talakan da ya saya don tsoro shi ya fi sauƙin kamawa a shingen hanya, mai ɗari a daji kuwa sai an shirya masa yaƙi.

Shin ko kun san raunin ido kaɗai ya isa a hana mutum lasisi? Dokar ta lissafa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Tunda an zo kan ido, bari a taɓa saiti. Na gargajiya ƙarfe biyu ne, ɗan tsinke a baki da tsaga a baya, mai harbi ya jera su da abin da yake nufi. Wani masanin tabarau ɗan ƙasar Ailan, Howard Grubb, ya fito da saitin gilashi mai nuna alama a 1900, sannan kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fara sayar da mai jan ɗigo a 1975. Duk kyan saiti, aikinsa nuna inda harsashi zai faɗa. Ba ya gaya maka ko inuwar da ta tsallako katanga ɓarawo ne, ko ƙaninka ne da ya gudo daga unguwar da aka fara shiga.

Shin ko kun san an taɓa yin gwamnan da ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga? A ƙarshen watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle, ta bakin kwamishinan yaɗa labarai Ibrahim Dosara, ta ce jama'a su shirya mallakar bindiga don kare kai, ta kuma yi alkawarin raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Ba a je ko'ina ba kwamishinan 'yan sanda Ayuba Elkana ya ce takunkumin ba da lasisi na nan daram. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya riga Matawalle yin irin wannan kira a 2021. A watan Agusta na 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada cewa an dakatar da ba da lasisin. Mai gona ya ji gwamna ya ce saya, ya ji Abuja ta ce kul, aka bar shi a tsakiya.

Kafin wancan kira na Matawalle, ga abin da ya faru a ƙasarmu. A makon farko na Janairun 2022 'yan bindiga suka kwana biyu zuwa uku suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka rasu. Mazauna yankin suka ce sun kai 200, kuma ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ta ambaci fiye da 200 da aka binne, da sama da 10,000 da suka rasa matsuguni. A cikin makon nan dai gwamnatin tarayya ta fitar da sanarwar ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda.

Shin ko kun san tun kafin nan an riga an ƙirga asarar? Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ce tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319 a Zamfara, mata 4,983 sun zama zawarawa, yara 25,050 sun zama marayu.

Shin ko kun san zancen "wace bindiga zan fara saya" asalinsa hirar Amurkawa ce? Can gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma a 2008 kotun ƙolinsu ta tabbatar cewa haƙƙin ya shafi ajiyewa a gida don kare kai. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hular Amurka na riƙe da bindigogi miliyan 393, fiye da yawan mutanen ƙasar. Na Nijeriya ta ce sun ɗan haura miliyan 6, adadin da ya ninka na soja da 'yan sanda a haɗe wajen sau 10.

A Amurkan ne kuma wani likita, Arthur Kellermann, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a 1993, inda suka gano cewa gidan da ake ajiye bindiga ya fi wanda babu haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko wani na kusa ke yin kisan. Memphis da Seattle, cikin wuraren da aka yi binciken, ba Bukkuyum ba ne, na sani, barazanarmu daga daji take zuwa. To amma gidanmu ya fi nasu yara, ya fi nasu cunkoso, ga kishi, ga rikicin gado, ga samarin da ƙwaya ta fara taɓawa.

Shin ko kun san harsashin AK-47 na barin baki da gudun fiye da mita 700 a sakan ɗaya? Zana ba ta tare shi, ƙofar kwano ba ta tare shi, ta katako ma haka. A gida irin namu, inda ɗakin uwargida ke kallon na amarya, maƙwabci kuma dangar kara ce kawai tsakaninku, harsashin da ya kuskure ɓarawo bai gama tafiyarsa ba tukuna.

Shin ko kun san daga ina makaman dajin ke fitowa? Ƙungiyar Conflict Armament Research ta duba makaman da aka ƙwace a Zamfara, Katsina da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020. Ta ga waɗanda suka ɓalle daga rumbunan Libiya, da na Kodebuwa, da bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta teku, da kuma waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. A shekarar 2017 kaɗai kwastam sun kama irin waɗannan na farauta 2,671 a Legas. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya kuma ya ce ya zuwa ƙarshen 2018 ba a san inda makaman 'yan sanda 178,459 suka shiga ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wanda ya sayi tasa a ɓoye, da wuya kuɗinsa bai ƙare a aljihun dillalin da ke sayar wa masu kai masa hari ba. Halilu Sububu, da sojoji suka kashe a Satumban 2024, da wannan fatauci ya yi suna, tare da riƙe ramukan zinariya na wajajen Anka.

Shin ko kun san hana baƙar fata bindigar zamani tsohon tsari ne? Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Burasal a 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, ta bar mana ta ƙanƙara da albarushi. Shekara 13 bayan nan, ran 15 ga Maris 1903, dawakin Sakkwato suka tarar da mashingar Turawa a filin Giginya. Ita kanta bindigar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi aka sani da fara ajiye dogarai 'yan bindiga, Sarkin Damagaram Tanimu kuma har igwa ya sa aka ƙera masa a Zindar. Lura da cewa a duka biyun makamin na hannun hukuma ne. Talaka ganuwa ce garkuwarsa, da ƙofar gari da ake rufewa da magariba, da gayyar da ake yi duk shekara a gyara inda damina ta zubar.

Shin ko kun san ɗaya daga munanan hare-haren farko-farko a kan taron 'yan banga aka kai shi? A Afrilun 2014, a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, 'yan banga da maharba sun taru suna shawarar yadda za su tunkari ɓarayin shanu, mahara a kan babura suka buɗe musu wuta. Ko a lissafin hukuma mamatan sun haura 70. Dole kuma a faɗi ɗaya ɓangaren: kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni, ba bincike ba shari'a, ya tura matasa da yawa daji, kuma ramuwar a kan ƙauyukan da ba su ji ba su gani ba take sauka.

Wannan ne ya sa jihohi suka koma ga rundunar da ke da rajista da horo da albashi. Katsina ta ƙaddamar da tata a Oktoban 2023 ƙarƙashin Gwamna Dikko Raɗɗa. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara ran 31 ga Janairun 2024, da matasa fiye da 2,600. A ganina nan ne ƙofar da ta fi dacewa da saurayin Duza mai zuciyar tsare garinsu, domin aƙalla akwai wanda ya san sunansa, akwai wanda za a tambaya in ya yi ba daidai ba. Ban ce ba haɗari ba. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, a kan 'yan banga da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi, mazauna suka ce aƙalla 16 sun rasu. Daga sama, duk mai babur da bindiga kamarsu ɗaya. Tun Maris na 2021 ma Shugaba Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 a daji.

Shin ko kun san Mikhail Kalashnikov, wanda AK-47 ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa kafin rasuwarsa a Disamban 2013, yana kokawa da nauyin rayukan da ƙirarsa ta ɗauke?

Shin ko kun san cikin harsasai da yawa dalma ce, ita dai dalmar da Duza ta sani fiye da kowa? A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a tsakar gidaje na kashe yara a Anka da Bukkuyum, aƙalla 400 suka rasu. Duza na cikin ƙauyukan da aka kankare wa ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, tare da Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega ba ta samu nata aikin ba sai 2013.