Sukuwar Dawaki da Annobar Korona: Daga Ina Kuɗin Yake Fitowa?

Kamar yadda jama'a suka sani, doki yana da babban matsayi a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Da shi ake hawan Sallah, da shi ake rakiyar ango da murnar naɗin sarauta, kuma idan an gama aikin damina samari kan fita bayan gari su gwada ingarmunsu a fagen sukuwa. Manufarmu a wannan bayani ita ce mu duba yadda kuɗi yake shigowa cikin wannan harka, da abin da ya same ta a lokacin annobar korona, domin amfanin masu dawaki da hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

An tabbatar da shigowar cutar korona Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Bayan 'yan makonni aka hana manyan taruka, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Ƙaramar Sallah ta wannan shekara ta kama 24 ga Mayu, Babbar Sallah kuma 31 ga Yuli, amma manyan masarautu irin su Kano da Katsina da Zazzau ba su yi hawa ba. Inda aka hana hawa da taro kuwa, babu maganar sukuwa.

A ƙasashen waje ma haka aka yi da farko. A Ingila an dakatar da tseren dawaki ranar 18 ga Maris, 2020. A Dubai an soke babbar gasarsu ta shekara, wadda kyautarta ta kai dala miliyan 12. A Amurka kuma an ɗage gasar Kentaki daga watan Mayu zuwa 5 ga Satumba. Sai dai ranar 1 ga Yuni Turawan Ingila suka koma tsere ba tare da ko ɗan kallo ɗaya a fili ba, kuma harkar ta ci gaba da tafiya, ko da yake an rage kyaututtuka. Dalili shi ne babban kason kuɗinsu ba a bakin ƙofar fili ake karɓarsa ba. Gidajen talabijin da kamfanoni suna biyan kuɗi don su nuna tseren, sannan doka ta ɗora wa kamfanonin caca harajin kashi 10 cikin 100 na ribar da suka samu a kan dawaki, ana mayar da shi cikin harkar. Mutum yana zaune a ɗakinsa yana kallo, kuɗinsa yana isa ga mai doki.

A wurinmu lamarin ya sha bamban. Caca haramun ce a addininmu, kuma ba ma fatan ranar da za ta shiga sha'anin dawakinmu. Sukuwarmu ta dogara ne kacokan a kan taron jama'a da kuma hannun manya. Basarake ko attajiri ko ɗan siyasa ne yake sa kyauta, babur ko kuɗi ko turamen atamfa, shi ma kuma yakan yi haka ne saboda taron da zai shaida. Mahayi yana samun tukuici idan ya zo na ɗaya. Mai doki kuwa ribarsa ta gaskiya tana cikin darajar dokin, domin ingarman da ya yi fice a gaban jama'a kuɗinsa yakan tashi a hannun dillalai. Daga nan sai baduku mai ɗinka sirdi da ragama, da maƙeri mai linzami da likkafa, da makaɗa da maroƙa, da mata masu fura da ƙosai a gefen fili. Ranar da aka ce babu taro, duk waɗannan ƙofofi a lokaci guda suke rufewa.

Amma doki bai san da annoba ba. Kullum sai ya ci harawa da dusa da gero ko dawa, a ba shi kanwa, a yi masa wanka, a fita da shi ya motsa jiki, a kuma biya yaron da yake kula da shi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne dokar ta faɗo a watannin Afrilu da Mayu, ƙarshen rani, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka fi tsada kuma rumbuna sun fara yin ƙasa. Magidancin da yake da doki a turke sai ya zaɓa tsakanin geron iyali da na dabba.

Sayarwa ma ba ta zo da sauƙi ba. Kasuwar Maigatari, wadda take ci kowace Alhamis, ita ce babbar mahaɗar dabbobi tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar. Tun watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, sai annoba ta zo ta tarar da su a rufe. Ba a buɗe iyakar Maigatari ba sai 16 ga Disamba, 2020, tare da ta Illela da Seme da Mfum. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Wannan ya nuna mana cewa ba cuta kaɗai take iya tsayar da cinikin dawaki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, kuma dawaki sun daɗe da komawa fili. Har ila yau a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Sai dai tushen kuɗin sukuwa yana nan yadda yake, wato kyautar rana ɗaya daga hannun mutum ɗaya.

A ganinmu gyara zai fara ne daga masu dawakin kansu. Idan masu dawaki na kowace gunduma suka haɗu a ƙungiya mai rajista, suna zuba wani abu a asusu bayan kowace sukuwa, to ranar da aka hana taro akwai abin da za a sayi abinci da magani. Ƙungiya irin wannan ce kuma za ta iya zama da kamfanonin sadarwa ko manyan 'yan kasuwar riɗi da zoɓo ta nemi tallafi na shekara da shekara a rubuce, maimakon jiran wanda zai sa babur. Ga hakimai da sashen aikin gona na ƙananan hukumomi, abin da ake buƙata a wurinsu bai kai haka tsada ba: a san yawan dawakin da ke kowace gunduma, a keɓe filin sukuwa kada gonaki da gine-gine su cinye shi, a kuma haɗa masu dawaki da malaman dabbobi don duba lafiyarsu kafin faɗuwar damina.

Muna kuma jawo hankalin duk mai doki da ya tanadi harawarsa tun da kaka, lokacin da ake roron wake da cirar gyaɗa a gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, ya ɗaure ta a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba, gwargwadon abin da zai kai dokinsa zuwa fitowar sabuwar ciyawa.