Kwamfutar wasanni: a duba ram da akwatin wuta kafin a yi asara

Kwamfutar da ake haɗawa don wasannin bidiyo ba ɗaya take da ta ofis ba. Ta ofis rubutu da lissafi ne aikinta, ba ta cin wuta sosai. Ta wasa kuwa, hotuna 60 ko fiye take zanawa cikin daƙiƙa ɗaya, awa da awanni babu hutu. Samarinmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa masu sha'awar wanga abu sukan tara kuɗɗi wata da watanni kafin su mallake ta, wasu ma don su buɗe ɗakin wasa su samu na tuwo. To amma abin da muka lura shi ne, in an zo saye, hankali duka yana tafiya kan katin hoto da furosesa. Abubuwa biyu ake bari baya: saitin ram da kuma akwatin wuta. In aka yi sakaci da na farko, mutum ya biya kuɗɗin gudun da ba zai gani ba. Sakaci da na biyu kuwa yana iya ƙone dukiyar baki ɗaya.

Gudun da aka biya, amma yana barci

Ram ita ce wurin da kwamfuta take shimfiɗa abin da take aiki a kansa a lokacin, kamar teburin tela. Giga 16 yana isar mafi yawan wasanni, masu son sababbin wasanni manya kuma suna hawa zuwa 32. Iri biyu ne a kasuwa: DDR4 wadda ta fito a 2014, da DDR5 wadda ta shiga kwamfutocin gida a ƙarshen 2021. Ba a sa ɗaya a ramin ɗaya, domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri guda take ba. Don haka sai a fara sanin irin wadda babban allon kwamfutar yake karɓa, wato allon cikin nan da ake dasa dukkan kayan a kansa.

Ga inda matsalar take. Mutum ya sayi DDR4 mai rubutun 3200 a kan kwali, ya dasa, ya kunna, yana zaton shi ke nan. Alhali kuwa sau da yawa ram ɗin tana tashi ne a gudun 2133 ko 2400, wato gudun ƙa'ida na ƙungiyar JEDEC, mai tsara ma'aunin waɗanga kaya. Haka DDR5 mai rubutun 6000 takan tashi a 4800. Sauran gudun yana cikin wani saiti da aka ajiye a jikin ram ɗin, sai an tada shi da hannu. Kamfanin Intel ya fito da wanga tsari a 2007, ya sa masa suna XMP. Kamfanin AMD ya kawo nasa a 2022 mai suna EXPO, a wasu allunan ASUS kuma za a tarar an rubuta DOCP.

Tada shi ba ya da wuya. Da an kunna kwamfuta sai a riƙa danna maɓallin Del ko F2, a kan allon rubutu na Faransanci kuwa Suppr aka rubuta. Wannan zai kai ka cikin BIOS. Ka nemi XMP ko EXPO, ka zaɓi saiti na ɗaya, ka ajiye, ka fita. Saitin da kansa zai ɗaga wutar ram, ta DDR4 daga bolt 1.2 zuwa 1.35 galibi. In kwamfuta ta ɗauki ƴan mintoci fuskarta baƙa a tashin farko, musamman da DDR5, kada a tsorata a cire waya, gwaji take yi. Mai son tabbatarwa ya buɗe manhajar CPU-Z, amma ya sani rabin adadin take nunawa: in ya ga 1600, to ram ɗinsa tana kan 3200.

Abu na biyu, ram biyu masu giga 8 sun fi ɗaya mai giga 16, domin furosesa yana samun hanya biyu maimakon ɗaya. A allo mai ramuka 4, galibi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake cikewa, waɗanda aka yi wa alamar A2 da B2. Littafin allon shi ne alƙali. A kuma sayi biyun cikin kwali guda. Haɗa ta wannan kamfani da ta wancan, ko cike ramuka 4 da DDR5, yana iya hana saitin zama daram. Alamar rashin zama kuwa ita ce wasa ya riƙa rufewa da kansa, ko kwamfuta ta riƙa sake tashi ba gaira ba dalili. A gwada da manhajar MemTest86. In ta nuna kuskure ko da ɗaya ne, a rage gudu. In kuma kwamfutar ta ƙi tashi sam, a cire ta daga wuta, a zare ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allo na ƴan mintoci, komai zai koma yadda yake.

Akwatin wuta: araha ba ta ado

Akwatin wuta, wanda masu gyaranmu suke kira alimantasiyo, shi ke karɓar kuran na bango mai bolt 220 ya mai da shi bolt 12 da 5 da 3.3. Duk wani abu da ke cikin kwamfuta daga gare shi yake sha. In ya lalace ta mummunar hanya, yana iya tafiya da allo da katin hoto.

Lissafinsa a fili yake. Katin RTX 4060 yana cin wat 115. In aka haɗa shi da furosesa irin Ryzen 5 5600, wanda bai kai wat 80 ba, da sauran ƙananan kaya, duka ba su kai wat 300 ba. Kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Katin RTX 4090 na 2022 kuwa wat 450 yake ci shi kaɗai, shawarar kuma 850 ce. A haɗa shi da Core i9-14900K mai iya kai wat 253, an wuce 700 ke nan. RTX 5090 na 2025 yana cin 575, yana neman akwati mai wat 1000.

Me ya sa ake barin rara haka? Domin katin hoto yakan zabura ya ja wuta fiye da ƙa'idarsa cikin ƙiftawar ido, ƙaramin akwati kuma sai ya kashe kansa ana tsakiyar wasa. Shi ya sa tsarin ATX 3.0 na 2022 ya wajabta wa manyan akwatuna su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wanga lokaci.

Kada a ruɗu da babban adadin da aka buga a kwali. A karanta takardar da ke manne a jikin akwatin, a nemi layin bolt 12, domin daga nan katin hoto da furosesa suke sha. A ninka amfiya da 12: amfiya 40 wat 480 ke nan. Akwatin da ya ce shi mai 600 ne, amma layinsa na bolt 12 amfiya 25 ne, wat 300 kawai zai ba wasa.

Tambarin 80 Plus, wanda aka soma a 2004, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta. Kwamfuta mai bukatar wat 400 za ta ja 500 daga bango in ingancin akwatin kashi 80 cikin 100 ne, ta ja kamar 444 in kashi 90 ne. Bambancin zafi yake zama cikin ɗaki, kuma yana cikin takardar kuɗɗin wuta. Sai dai tambarin shi kaɗai ba ya tabbatar da nagartar kayan ciki.

Wayoyi ma suna da nasu haɗari. Ba a ɗaukar wayar akwatin wani kamfani a sa wa na wani, ko da bakin ya shiga, domin jerin cikinsu ya bambanta. A 2022 an samu bakin wayar wasu katunan RTX 4090 yana narkewa, Nvidia kuma ta ce rashin tura shi har ƙarshe ne ya jawo. A tura har a ji ya kama.

Halin ƙasarmu

A nan ne namu lissafi ya bambanta da na Turai. Tsofaffin akwatuna da ke zuwa cikin kayan gwanjo daga Amurka suna da wani jan maɓalli a baya mai rubutun 115 da 230. In yana kan 115 aka sa shi a wutarmu, nan take zai ƙone. Na zamani masu kyau suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240 da kansu.

Sai zafi. A watannin Afirilu da Mayu yana kai digiri 45 a garuruwanmu, akwatuna masu araha kuwa da yawansu a ɗaki mai sanyi aka auna ƙarfinsu. Masu kyau su ne aka auna a digiri 40 ko 50. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka a riƙa hure ta. Amma kada kowa ya buɗe akwatin wuta da kansa, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga bango.

Ɗaukewar wuta ma ba baƙuwarmu ba ce. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris na 2024. Na'urar ajiyar wuta, wadda ake kira ondilar, tana ba da ƴan mintocin kashe kwamfuta lafiya. A lura, adadin VA da ke jikinta ba wat ba ne: mai 1000 VA cikin masu araha kamar wat 600 take ɗauka.

Shawararmu ga mai shirin saye ita ce, ya fara ware kuɗɗin akwatin wuta mai kyau da na ondilar, sannan ya sayi katin da sauran kuɗɗin suka isa. Ga wanda ya riga ya saya kuwa, ya leƙa BIOS ɗinsa yau ɗin nan, wataƙila akwai gudun da ya biya yana jiran sa a can.