Jarumi Ba Ya Tsayuwa Sai Da Bos: Inda Gem ɗin Spider-Man Da Batman Suka Dace Da Inda Suka Yi Tuntuɓe

A shagunan gem na Funtua da Malumfashi, har zuwa garin Maska, ƙwallo da Mortal Kombat ne ke cin kasuwa. Dalilin a fili yake: kuɗin wasa ake biya, ga wasu na jiran layi, ga man janareta na ƙonewa. Idan aka saka Spider-Man ko Batman, da zarar an fara nuna bidiyon labari sai ka ga yaro ya danna maɓallin tsallakewa, shi dai a kai shi wajen duka. Abin da ake tsallakewar nan kuwa shi ne ya fi cin kuɗi wajen haɗawa, domin sai an ɗauki marubuta da masu murya da 'yan wasan da ake naɗar motsin jikinsu.

Bahaushe ba baƙon wannan harka ba ne. Duk mai kallon fim ɗin Indiya na fassara ya san idan bos ba shi da ƙarfi, fim ya zama lami. Ko a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, makircin Waziri ne ya riƙe littafi na farko: don kada Musa ɗan sarki ya fita ya faɗa tarkonsa aku ke ta jero labarai. Cire Waziri, aku ya rasa dalilin buɗe baki.

Gem ɗin da ya fi gane wannan shi ne Marvel's Spider-Man, wanda kamfanin Insomniac Games ya fitar a PS4 a 2018. Wanda bai buga ba kuma ba ya son a tona masa ƙarshe, ya yi tsalle zuwa gaba.

A farkon gem ɗin, Otto Octavius malamin Peter Parker ne kuma ubangidansa a wurin aiki. Suna ƙera hannun roba mai aiki da umarnin ƙwaƙwalwa don waɗanda suka rasa hannu. Kai mai wasa, da kanka kake zama a ɗakin bincikensa kana haɗa masa wayoyin lantarki. Sai magajin garin New York, Norman Osborn, ya datse masa tallafi ya kwashe kayan aikinsa. Daga baya ka gane Otto na fama da ciwon da ke kashe masa jijiyoyi, wato hannayen nan har da kansa yake ƙera wa. Na'urar da ya dasa a ƙeyarsa kuma tana taɓa masa hankali. Awanni kake kallon mutumin kirki yana lalacewa a gabanka, da kayan da ka taya shi gyarawa. Ranar da ya koma Doctor Octopus kuka haɗu a saman bene, ba daɗin naushi kake ji ba, nauyi kake ji.

Labarin Martin Li ma bai tafi shi kaɗai ba. Shi ke da gidan ciyar da marasa galihu inda May, gwaggon Peter, ke aiki, kuma shi ne Mister Negative. Gwajin kamfanin Osborn ne ya yi sanadin mutuwar iyayensa tun yana yaro. Miyagu biyu, ciwo ɗaya, mutum ɗaya suke nema. A ƙarshe maganin annobar da Otto ya saki bai isa ba: ko a ba May, ko a ajiye a yi wa dukan gari irinsa. Peter ya zaɓi gari, May ta rasu.

Batman na kamfanin Rocksteady ya fara da ƙarfi. Arkham Asylum na 2009 da Arkham City na 2011 duk da hannun marubuci Paul Dini a ciki, har na biyun ya yi ƙarfin halin kashe Joker. Amma Arkham Knight na 2015 ya nuna yadda ƙananan labaran miyagu ke komawa aikin gayya. Riddler ya warwatsa wasanin gwada ilimi da kofuna 243 a cikin gari, kuma ba za ka ga cikakken ƙarshen gem ɗin ba sai ka gama da su. Deathstroke, wanda ya shahara da faɗan hannu, sai aka haɗa ka da shi a cikin tankar yaƙi. Mai rubuta manhaja zai gane abin da ya faru: ajiye kofi ɗaya a wuri ɗari abu ne mai arha, rubuta sabon yanayi mai magana da motsi kuwa tsada ne. Sai gem ya yi tsawo, labari bai ƙaru ba.

A waya matsalar ta fi haka. Marvel Contest of Champions na 2014 da Marvel Future Fight na 2015 kyauta ake sauke su, ribar kamfani na cikin sayar maka da jarumai da miyagu. Mugun da ya zama haja ba zai mutu ba, ba zai tuba ba, domin gobe za a sake tallata shi da sabuwar riga. Shi ya sa za ka ƙone data wata guda kana buga su, a tambaye ka me ya haɗa faɗan ka rasa amsa.

Manyan kamfanoni ma sun kwaikwayi wannan tsari, sun ji a jikinsu. Marvel's Avengers na 2020 an janye shi daga kasuwa a Satumbar 2023. Suicide Squad: Kill the Justice League, wanda Rocksteady ɗin dai ta fitar a 2024 kuma miyagu ne taurarinsa, Warner Bros. ta ce ya jawo mata giɓin dala miliyan 200. Guardians of the Galaxy kuwa, mai labari ɗaya tiryan-tiryan, shi ya lashe kyautar labari mafi kyau a The Game Awards na 2021.

Ga matashin da ya sayar da masara ko auduga da kaka ya sayi sabuwar waya, ba PS5 ba, akwai abin dubawa. Batman: The Telltale Series na 2016 da ci gabansa The Enemy Within na 2017 an fitar da su a Android da iPhone, kashi na farko kyauta. Faɗa kaɗan ne, zaɓi ne da yawa. A na biyun akwai John Doe, wanda ke ɗaukar Bruce Wayne aboki, kuma yadda ka bi da shi ne zai sa ya zama Joker ɗan ta'adda ko Joker mai ƙoƙarin kwaikwayon Batman. Gem ɗin na cin wuri, ba kowace waya ke ɗaukarsa ba, don haka a duba kafin a saka data. A kuma kunna rubutun ƙasan allo, saboda Turancin da sauri suke yi, ga lokacin zaɓen amsa daƙiƙoƙi ne kawai.