Kunun Dusar Ot: Asalinsa, Hikimar Dama Shi da Iyakar Amfaninsa

Ot, wanda masana ilimin tsirrai suke kira Avena sativa, hatsi ne da ya fi yin albarka a ƙasashe masu sanyi da damshi, inda rana ba ta cika zafi a lokacin noma, shi ya sa Kanada da Rasha suke kan gaba wajen noma shi, sannan ƙasashe irin su Folan da Finlan da Ostireliya suke biye da su. A kasuwannin ƙasar Hausa an fi saninsa a cikin gwangwani ko leda, galibi ɗauke da tambarin Quaker, kuma abin da ke ciki tsabar hatsin ce da aka turara aka murje ta har ta yi fale-fale. Sai dai akwai wani sashe na wannan hatsi da ake sayarwa shi kaɗai, wato dusarsa, wadda ake damawa a sha da ɗumi da safe a Turai da Amurka, kuma ita ce ta fi ɗauke da sinadarin da ya sa likitoci suka mai da hankali kan ot tun fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Ƙwayar ot tana zuwa ne lulluɓe da ƙaiƙayi mai tauri wanda ɗan Adam ba ya ci, don haka aikin farko a masana'anta shi ne a ɓare shi a fitar da tsaba. Ita tsabar tana da mai fiye da yawancin hatsi, tana kuma da wani sinadari mai farfasa mai, wanda yakan sa ta yi ɗaci da warin tsohon mai cikin ƙanƙanin lokaci idan aka niƙa ta ɗanya, saboda haka ake fara turara ta da tururi a busar da ita da zafi domin a kashe wannan sinadari, kuma a nan ne take samun ɗan ƙamshin suya da aka san ot da shi. Bayan haka sai a niƙa tsabar a tankaɗe, farin gari mai yawan sitaci ya wuce ta rariya, gutsattsarin fatar waje da abin da ke manne da ita su tsaya a sama, kuma waɗannan gutsattsari su ne dusar ot. Saboda fatar ot ba ta rabuwa da cikinta tsaf, dusar takan taho da gari mai ɗan yawa, abin da ya sa take da laushi da daɗin ci fiye da dusar alkama, ya kuma sa take yin kauri idan ta haɗu da ruwan zafi.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gindaya sharaɗin abin da za a kira dusar ot: kada ta wuce rabin tsabar da aka niƙa, kada zaren abincin da ke cikinta ya gaza kashi 16 cikin 100, sannan kada sinadarin bita-gulukan ya gaza kashi 5.5 cikin 100. Zaren abinci, wanda ake kira fiba, shi ne sashen tsirrai da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, kuma ya kasu gida biyu, akwai wanda ba ya narkewa a ruwa, mai ƙara wa bahaya yawa da laushi, akwai kuma wanda yake narkewa ya yi kauri, kuma bita-gulukan yana cikin kashi na biyu. Baya ga wannan, giram 100 na busasshiyar dusar yana ɗauke da kusan giram 17 na furotin, wato sinadarin gina jiki, da kusan giram 7 na mai.

Mutanen Sikotilan, waɗanda ƙasarsu mai sanyi ta fi karɓar ot fiye da alkama, sun daɗe suna karyawa da kununsa, wanda a al'adance suke dafawa da ruwa da gishiri kawai, suna motsa shi da wata siririyar muciya domin kada ya yi gudaji, kuma har yau a ƙauyen Carrbridge ana gudanar da gasar dama wannan kunu kowace shekara tun daga 1994. A da, ko ragowar ɓawon da masu niƙa suke mayar wa manoma ba a zubar da shi, domin akan jiƙa shi na kwanaki har ya yi tsami, a tace, a bar ƙullun ya kwanta a ƙasa, sannan a dafa shi ya zama wani abinci da suke kira sowans. Wannan ya nuna cewa cin sashen waje na ƙwayar ot ya samo asali ne daga tattalin talaka tun kafin masu bincike su auna shi a ɗakin gwaji.

Binciken likitoci ya soma ne a 1963, lokacin da wasu masana a ƙasar Holan suka lura cewa maiƙon jini da ake kira kolestarol ya ragu a jikin mutanen da aka ciyar da ot mai yawa, daga baya kuma Dakta James Anderson na Jami'ar Kentucky ya zurfafa gwaje-gwaje a kan dusar kanta. A 1987 wani littafi na Robert Kowalski, wanda ya yi alkawarin sauke kolestarol cikin mako takwas, ya sa Amurkawa suka yi rububin dusar har kamfanoni suka riƙa barbaɗa ta a cikin kowane irin biskit da burodi domin ciniki. Kasuwar ta faɗi a 1990, sa'ad da wata mujallar likitoci mai daraja ta buga gwajin da aka yi a kan mutum 20, wanda ya nuna cewa dusar ba ta fi garin alkama da aka tace tasiri ba, ko da yake masana da dama sun soki gwajin saboda ƙarancin mutanen da kuma cewa kolestarol ɗinsu bai yi yawa ba tun farko. Sai da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka auna su tare kafin ƙura ta lafa, har a 1997 hukumar ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwali cewa giram 3 na bita-gulukan daga ot a kowace rana, a cikin abincin da ba shi da yawan kitse, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan magana a 2011, a kan wannan adadi na giram 3.

Yadda bita-gulukan yake aiki ya dogara ne kacokan a kan kaurinsa. Hanta tana amfani da kolestarol wajen haɗa ruwan maɗaciya, wanda yake kwarara cikin ƙaramin hanji ya taimaka wajen narkar da kitse, kuma a al'ada jiki yakan tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta domin a sake amfani da shi. Idan bita-gulukan ya narke a cikin hanji, yakan yi yauƙi irin na miyar kuɓewa, ya riƙe wani sashe na ruwan maɗaciyar ya fita da shi cikin bahaya, sai ya zama tilas hanta ta janyo kolestarol daga jini domin ta haɗa sabo, ta haka adadinsa yake sauka. Wannan yauƙi ne kuma yake rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci, yake kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 28, ya nuna cewa giram 3 ko fiye a rana yana rage kolestarol mai cutarwa da kusan milimol 0.25 a kowace lita ta jini, ragin da yake na gaskiya ne amma matsakaici. Tun a 2010 gwajin Farfesa Thomas Wolever na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa ya nuna cewa idan aka gutsuttsura sinadarin a masana'anta har ya rasa kaurinsa, tasirinsa yana raguwa da kusan rabi, kuma a nan ne darajar kunun da aka dama a gida take bayyana, domin dahuwa a ruwan zafi tana fito da sinadarin ya narke ba tare da ta lalata shi ba.

Wajen dama kunun, ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kashi ɗaya na dusa a kan kashi uku na ruwa, wato sulusin kofi, kimanin giram 30, a cikin kofi ɗaya na ruwa, mai son ruwa-ruwa kuma ya ƙara. Tunda kowane giram 100 yana da aƙalla giram 5.5 na bita-gulukan, mai neman cika giram 3 yana buƙatar kimanin giram 55 a yini, wanda zai iya raba shi gida biyu. Kafin a zuba ruwa, yana da kyau a ɗan soya dusar a busasshiyar tukunya a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa na minti biyu ko uku, har launinta ya ɗan sauya ƙamshinta ya tashi, domin wannan ɗan aiki ne yake raba kunu mai ɗanɗano da kunu lami. Daga nan hanya biyu ce ta kauce wa gudaji: ko dai a kwaɓa dusar da ruwan sanyi tukuna a ɗora su tare, ko kuma a bari ruwan ya tafasa a riƙa barbaɗa ta kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana burgawa da maburgi. Idan aka juye ta gaba ɗaya a tafasasshen ruwa, bayanta yakan dahu nan take ya rufe busasshen cikinta, ya zama ƙulallai da ba sa fashewa.

Da zarar ta tafasa sai a rage wuta, a ci gaba da motsawa har ƙasan tukunya na minti uku zuwa biyar, domin dusar tana da saurin kamawa. Alamar dahuwa ita ce kumfar da ke tasowa ta daina zama ƙanana masu sauri ta koma manya masu fashewa a hankali, fuskar kunun ta yi sheƙi, kuma idan aka ja cokali ta tsakiya sai hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. A nan sai a sauke a rufe na minti biyu, saboda yana ci gaba da shan ruwa yana ƙara kauri bayan ya bar wuta. Ɗan gishiri tun farkon dahuwa yana fito da ɗanɗanon hatsin ko da za a sha shi da zaƙi, madara kuma ta fi kyau a zuba ta a ƙarshe ko a haɗa ta rabi da rabi da ruwa, tunda zallarta tana saurin ƙonewa a gindin tukunya.

Dusar ot ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi, saboda haka takan karɓi duk kayan ƙamshin da aka ba ta. A Turai da Amurka an fi haɗa ta da kirfa da tuffa da busasshen inabi, amma citta da kanumfari da masoro, waɗanda ke cikin kowane ɗakin girki a ƙasar Hausa, suna dacewa da ita ƙwarai, musamman idan aka tafasa su a cikin ruwan tun farko. Dabino biyu ko uku da aka yayyanka aka dafa tare, ko nunanniyar ayaba da aka dame a ciki, sun isa su ba da zaƙi, soyayyar gyaɗa ko riɗi a sama suna ba haƙori abin taunawa, cokalin kindirmo kuma yana kawo ɗan tsami da sanyi. Akwai kuma masu dafa ta da romo da albasa da ganye su ɗora dafaffen ƙwai, ta zama abincin gishiri. Inda ake yawan kuskure shi ne wajen sukari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa, har da zuma, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma kwanon da aka cika da sukari da madarar gwangwani mai zaƙi zai iya cinye kaso babba na wannan adadi tun kafin hantsi.

Wanda bai saba da abinci mai yawan zare ba ya kamata ya fara da cokali ɗaya ko biyu yana ƙarawa a hankali, yana kuma shan ruwa sosai, in ba haka ba zai iya fama da kumburin ciki da yawan iska. Masu cutar siliyak, wato waɗanda hanjinsu ba ya jure furotin ɗin alkama da ake kira gulutin, su kula cewa ot yakan gauraya da alkama a gona ko a injin niƙa, don haka sai wanda aka tabbatar da tsabtarsa a jikin kwali. Saboda man da ke cikinta, dusar tana buƙatar mazubi mai murfi a wuri mai sanyi da bushewa, kuma a yanayin zafi gara a sayi kaɗan a cinye da a tara da yawa ta lalace.

Ot ba shi ne kaɗai hatsin da ke da bita-gulukan mai yawa ba, sha'ir ma yana da shi, kuma talbina, kunun garin sha'ir da madara da zuma wanda ambatonsa ya zo a hadisin Nana A'isha a cikin Sahihul Bukhari, tsohuwar hanya ce ta cin irin wannan abinci. Dusar gero da ta dawa da ake fitarwa wajen surfe kuwa zarenta galibi marar narkewa ne, saboda haka ba za ta maye gurbin ta ot a wannan aiki ba, ko da yake tana da nata amfanin ga hanji, abin da ya isa dalilin rage tsananta surfe. Kunun dusar ot abinci ne mai kyau wanda aka auna amfaninsa aka san iyakarsa, yana taimakawa idan aka lizimce shi kullum, aka dama shi da kauri, aka taƙaita masa sukari. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin kolestarol ko na ciwon sukari, to ya ci gaba da shan maganinsa, ya sanar da likitan sauyin da ya yi a abincinsa, sannan ya koma awon jini bayan 'yan watanni domin ya ga sakamakon da idonsa.