Giga 14 ko Giga 60: Lissafin Fim a Faifai da Intanet

Fim mai tsawon awa biyu, idan aka kalle shi ta Netflix a matakin 4K, zai iya cin data har giga 14. Lissafin kamfanin ne da kansa, wato giga 7 a kowace awa idan an ƙure. Shi dai wannan fim ɗin, idan aka buga shi a faifan Ultra HD Blu-ray, ana zuba shi ne a faifai mai ɗaukar giga 66 ko 100, kuma ba abin mamaki ba ne hoto da sauti su cinye 50 zuwa 60 daga ciki. Duka biyun 4K aka rubuta musu. To ina giga 40 da ɗoriya suka shige a hanyar intanet?

Sai mun raba abubuwa biyu da 'yan talla ke son haɗe mana wuri guda. Na farko shi ne yawan ɗigon hoto. Duk abin da ke kan allon talabijin ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera. Faifan VCD, wanda da yawanmu muka fara kallon fim a faifai da shi, yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, jimla 101,376. DVD, da ya fito a Japan a 1996, yana da 720 sau 576, wato 414,720. Blu-ray ya zo a 2006 da 1,920 sau 1,080, ɗigo 2,073,600 ke nan. Shi kuwa 4K, 3,840 ne sau 2,160, jimla 8,294,400, ninki huɗu cif na Blu-ray, ninki 20 na DVD. A wannan awon faifai da intanet kunnen doki suka yi, kuma shi ne kawai lambar da ake mannawa a kwali.

Na biyun, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne yawan bayanan da ake turo wa allon a kowane sakan domin a cika waɗannan ɗige-ɗigen. Da megabit ake auna shi. Da za a turo hoton 4K ɗanye, hoto 24 a sakan kamar yadda ake ɗaukar fim, sai an kwararo kusan megabit 3,000 a kowane sakan. Babu faifan gida ko layin intanet na gida da aka yi domin wannan kaya. Saboda haka kowa matse fim yake yi: na'ura takan duba hoto, ta zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da rashinsa ba, ta kuma daina maimaita abin da bai motsa ba daga wannan hoto zuwa na gaba. Faifan 4K yakan yi tafiya a tsakanin megabit 50 zuwa 80, ƙa'idarsa kuma ta yarda a wuce 100. Giga 7 na Netflix a awa kuwa, idan aka raba shi da sakan 3,600, megabit 15 da ɗan wani abu ne. Ma'ana, mai faifai ya ajiye kusan kashi 1 cikin 50 na ɗanyen hoton, mai intanet ya ajiye kashi 1 cikin 200. Buhu biyu ne masu tambari ɗaya, amma wani tiya 40 ne a ciki, wani tiya 10.

Abin da aka zubar ba ko'ina yake nuna kansa ba. Mutum biyu suna zaune a ɗaki mai haske suna hira, da wuya a gane bambanci. Bari dare ya yi a cikin fim, ko a yi ruwan sama, ko hayaƙi ya turnuƙe, ko dawakai su tayar da ƙura. Nan ne baƙi yakan rabu layi-layi maimakon ya sulale a hankali, ganyen bishiya ya dunƙule, fatar fuska ta yi sumul fiye da kima. Duk inda komai na allon ke motsi lokaci guda, babu abin da na'urar za ta tsallake, sai ta fara yanka daga jikin hoton.

Sai dai kada a ɗauki megabit a matsayin alƙali shi kaɗai. DVD yana iya kaiwa megabit 9.8, Netflix kuma ta ce megabit 5 ya isa kallon 1080p, wato yawan ɗigo irin na Blu-ray, amma babu mai ido biyu da zai ce DVD ya fi kyau. Dalili shi ne dabarar matsewa tana ci gaba. DVD yana amfani da MPEG-2 na shekarun 1990. Yawancin faifan Blu-ray suna kan H.264. Faifan 4K da manhajojin kallo suna amfani da HEVC, wanda aka tsara domin ya ba da hoto irin na H.264 da kusan rabin data. Akwai kuma AV1 da ya fito a 2018, wanda YouTube da Netflix suka runguma. Tun ƙarshen 2015 ma Netflix ta daina yi wa duk fina-finai awo ɗaya, katun mai sauƙin launi a ba shi kaɗan, fim ɗin yaƙi a ƙara masa. Faifai ba ya samun wannan gata, domin ranar da aka kafa ƙa'idarsa a nan ya tsaya, na 4K tun 2015. Duk da haka, ko an yi wa intanet rangwamen wayon matsewa, ninki huɗu rata ce mai faɗi. Ana iya rage ta, kuma Sony ta gwada da manhajar da take sa wa talabijin ɗinta na Bravia, wadda ke kai megabit 80, sai dai tana neman layin da gidaje ƙalilan ke da shi.

A sauti ratar ta fi haka. Faifan Blu-ray yana ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗanda ba sa zubar da komai daga abin da aka haɗa a situdiyo, na farkon ma yana iya kaiwa megabit 18. Mafi girman da Netflix ta sanar a 2019 shi ne kilobit 768 na Dolby Atmos, bai cika megabit 1 ba. Wanda ke sauraro da lasifikar jikin talabijin ba zai taɓa jin wannan ba, sai mai jerin lasifiku a falo.

Ido ma yana da iyaka. Lafiyayyen ido yana rarrabe abu ne zuwa kusan kashi 1 cikin 60 na digiri. Idan aka yi lissafi da wannan, talabijin mai inci 55 sai an zauna ƙasa da kimanin mita 2.2 daga gare ta kafin 4K ya fara nuna fifiko a kan 1080p, kuma sai an matso kusan mita 1 kafin a more shi duka. Mai inci 32 kuwa, da an wuce mita 1.3 zance ya ƙare. Kowa ya auna tsakanin kujerarsa da bango ya gani. Yawancin falukanmu sun wuce wannan tazara, balle a zo ga allon waya.

Wannan ne ya sa kasuwa ta yanke hukuncin da ya saɓa wa alƙaluman inganci. A Amurka, inda ake tattara lissafin a kai a kai, cinikin faifan fim ya kai kusan dala biliyan 16 a shekara a tsakiyar shekarun 2000. A 2024, bisa alƙaluman ƙungiyar Digital Entertainment Group, ya faɗo ƙasa da biliyan 1, alhali kuɗin rajistar manhajojin kallo ya haura biliyan 50. Netflix, wadda da aika faifai ta gidan waya ta fara sana'a a 1998, ta rufe wannan reshe a Satumbar 2023 bayan ta aika faifai sama da biliyan 5, kuma a ƙarshen 2024 masu rajista da ita a duniya sun haura miliyan 300. Kantunan Best Buy sun sauke faifan fim daga kantocinsu a farkon 2024. Samsung ta daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray a Amurka tun 2019, LG ta bi sahu a ƙarshen 2024. Masoya faifai ba su ƙare ba, shi ya sa faifan 4K na Oppenheimer ya ƙare a manyan shaguna cikin 'yan kwanaki da fitowarsa a Nuwambar 2023. Amma kasuwar ta koma ta masu tarawa.

Akwai abin da faifai ke da shi wanda megabit ba ya aunawa: ba a taɓa shi daga nesa. A Maris ɗin 2020, lokacin kullen korona, Netflix ta rage nauyin abin da take turawa a Turai da kusan kashi 25 cikin 100 bayan kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi a sassauta wa layuka. Masu biyan kuɗi ba a tambaye su ba. A Disambar 2022 HBO Max ta cire shirin Westworld, a Mayun 2023 kuma Disney+ ta sauke shirye-shirye da dama, har da Willow da bai cika shekara da fitowa ba. Mai rajista haya yake yi, wata-wata, kuma mai gida yana iya kwashe kayansa duk ranar da ya ga dama.

A nan gida lissafin juyawa yake yi, kuma a ganina nan ne ya fi ban sha'awa. Blu-ray bai taɓa kafuwa a kasuwar fina-finan Hausa ba. Daga kaset na zamanin Turmin Danya a 1990 aka koma VCD, aka taɓa DVD, daga nan sai memori da masu tura fim a waya, sai YouTube da manhajoji irin su Northflix. Faifan da ya cika shagunanmu kuwa har da irin wanda ake cusa wa fim 20 a ciki. A yi lissafi: DVD mai giga 4.7 a raba wa fim 20, kowanne ya samu megabait 235. Idan fim ɗin na minti 90 ne, megabit 0.35 ke nan a sakan. Ko da faifan mai hawa biyu ne na giga 8.5, bai wuce 0.63 ba, alhali VCD na asali yana ba da 1.15. Saboda haka wanda ya bar irin wannan faifai ya koma kallon Izzar So ko Labarina a YouTube, ko a 480p ne, hawa ya yi, bai sauka ba. Kukan da Turawa ke yi cewa intanet ta rage musu inganci ba kukanmu ba ne.

Namu kukan na data ne. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Wanda ya sayi giga 20 na wata, idan ya buɗe 4K, bai kai awa 3 ba za ta ƙare, fim ɗaya da guntun na biyu. A matakin HD mai cin giga 3 a awa, zai samu awa 6 da minti 40. A matsakaicin mataki mai cin giga 0.7, zai haura awa 28. Wato tsakanin sama da tsakiya ninki 10 ne a aljihu, a kan allon da tsawonsa bai wuce inci 6 ko 7 ba.

Mai babbar talabijin da lasifiku, wanda ke zama kusa da allo kuma yake da fina-finan da yake son maimaitawa shekara da shekaru, faifan 4K ya fi masa, in har zai samu na'urar. Mai kallo a waya ko a talabijin mai inci 32 kuwa, ya shiga saitin manhajarsa ya tsayar da ita a 720p, domin abin da ya wuce nan kuɗinsa ne ke tafiya a kan ɗigon da idonsa ba zai gani ba.