Ƙarya: Itaciyar Da Furenta Ya Jawo Mata Suna

A shirinmu na musamman na yau za mu yi nazari a kan wata 'yar itaciya mai kaurin gindi, wadda yanayin ƙasar Gumel ya karɓa, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, inda damina gajeruwa ce, rani kuwa dogo.

A lokacin da hunturu ya kakkaɓe ganyen itatuwa, sai ka ga rassanta tsirara sun fitar da fure ja-ja mai hasken tsakiya, alhali ba ta ga ɗigon ruwa ba, domin Allah cikin hikimarsa ya sanya mata taskar ruwa a gindinta. Hausawa suna kiranta ƙarya, kuma hujjarsu tana cikin karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda mutum yakan shekara yana kallon adonta bai ga ta haifi komai ba. Sai dai bisa adalci, takan yi 'ya'ya jefi-jefi, wato kwanso biyu masu siffar ƙaho, waɗanda idan sun bushe sukan tsage, iska ta kwashe irin.

Malaman ilmin tsirrai kuwa ta wata fuska suka bi. A shekarar 1761 Sarkin Denmak ya aika ayarin masana zuwa ƙasar Larabawa, cikinsu har da Peter Forsskal, almajirin shahararren malamin nan Linnaeus. Forsskal ne ya tarar da itaciyar a Yaman ya rubuta siffofinta, kafin ajali ya riske shi a garin Yarim a 1763. Abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya wallafa aikinsa a 1775, sannan a 1819 aka raɗa wa jinsinta suna Adenium, ana jingina ta ga birnin Adan na Yaman, aka bar mata laƙabin obesum, ma'ana mai ƙiba.

Nasiharmu ga mai sha'awar dasa ta ita ce, ruwan jikinta dafi ne wanda mafarauta a sassan Afirka suka daɗe suna shafa wa kibiya, don haka wajibi ne a nisanta ta daga yara da awaki.